Yadda na ceto tumatirina na cikin jarka

Tsofaffin jarkoki masu lita 25 na yanke gida biyu, na dasa tumatir a tsakar gida. Kwana goma, ganye ya koma rawaya, ƙasar tana wari kamar kwata. Da na tuge guda ɗaya, saiwar ta yi baƙi ta ruɓe. Ashe ruwa ke kwanciya, ban huda gindin jarkokin ba.

Na gasa ƙusa a garwashi, na yi wa kowace huda takwas. Na gauraya ƙasar da yashi da busasshen kashin awaki, don ɗanye yana ƙone saiwa, sannan na ɗora su kan bulo ruwa ya samu mafita. Yanzu sai na tsoma yatsa na ji ƙasa ta bushe nake ban ruwa. Biyar sun farfaɗo, har sun fara fure.