Yadda Ake Nuna Fim Ɗin Sarkin Yaƙin Koriya a Gidan Kallo a Maradi

Fim ɗin The Admiral: Roaring Currents, wanda Kim Han-min ya shirya, ya fito a Koriya ta Kudu a ƙarshen Yulin 2014, kuma an sayar da tikitinsa fiye da miliyan 17 a ƙasar da mutanenta ba su wuce miliyan 50 da kaɗan ba a lokacin. Sai dai mai gidan kallo a Maradi da ya ji wannan adadi ya ɗauko fim ɗin ya kunna haka kawai yana iya ganin bencinsa ya watse kafin a kai rabi, domin sa'ar farko kusan duk shawara ce da fargaba a sansanin mayaƙa. Mutanen Koriya sun zauna daram saboda tun suna firamare suka san labarin Yi Sun-sin, sarkin yaƙin ruwan da aka yi fim ɗin a kansa, wanda mutum-mutuminsa ke tsaye a tsakiyar birnin Seoul. Aikin mai nunawa shi ne ya ba masu kallo wannan sanin kafin a kashe fitila.

Da farko a samo kwafi mai kyau ta halastacciyar hanya, wanda ke da rubutacciyar fassara da Faransanci ko Turanci, sannan mai bayani ya kalle shi shi kaɗai tun daga farko har ƙarshe yana rubuta sunaye. A sa lokacin nunawa bayan sallar isha'i, a tanadi man janareta, tunda fim ɗin ya haura sa'a biyu.

Bayanin share fage kada ya wuce minti goma, amma a nan ne ribar take. A faɗa wa jama'a cewa Japan, a ƙarƙashin Toyotomi Hideyoshi, ta auka wa daular Joseon, wato Koriya ta wancan zamani, a 1592, kuma Yi Sun-sin ya yi ta cin nasara a teku har sai da makirci a fada ya sa sarki ya tuɓe shi, aka ɗaure shi, aka azabtar da shi. Wanda ya gaje shi, Won Gyun, ya salwantar da kusan dukkan jiragen a 1597, sai aka maido da Yi kan aikinsa da ragowar jirage 13 kacal, ya tari jiragen yaƙin Japan sama da 130 a mashigar Myeongnyang. Bamaraɗe ba ya buƙatar dogon sharhi kan wannan, domin garin nan ma Katsinawa ne da aka raba da birninsu suka kafa shi tare da Ɗan Kasawa, suka sake ɗaura ɗamara da ɗan abin da ya rage musu. A ganina, wannan kwatanci kaɗai ya isa ya riƙe dattawa a kan benci.

Abu na biyu da ya wajaba a bayyana shi ne ruwan. Mashigar tana da faɗin kimanin mita 300 a inda ta fi ƙunci, kuma igiyarta tana da ƙarfi, tana juya alkibla sau da dama a yini. Mutanenmu ba su saba da teku ba, don haka a tuna musu da Gulbin Maradi idan ya cika da damina, yadda yake fizgar duk abin da ya faɗa cikinsa. Wanda bai gane wannan ba zai ɗauka sa'a ce ta ba Yi nasara, alhali lissafin ruwa ya yi.

Idan aka shiga yaƙin, wanda ya ci kimanin sa'a guda, mai bayani ya rage magana, ya bar fuskar Choi Min-sik, jarumin da ya fito a matsayin Yi Sun-sin, da ƙarar igwa su yi aikinsu. In jama'a sun nemi ƙari, akwai finafinan Hansan na 2022 da Noryang na 2023, dukkansu a kan wannan sarkin yaƙi, sai a sanar da ranar nuna na gaba tun kafin a tashi.