Darasi: Gyaran Haƙorin da Ya Lalace

Haƙori hawa uku ne. Akwai farin ɓawo mai tauri a waje, sai wani sashe mai ɗan laushi a ƙarƙashinsa, sai jijiya da hanyoyin jini a can tsakiya. Ƙwayoyin cutar baki suna cin sukarin da ya maƙale a haƙori, su fitar da tsami, tsamin ya yi ta cin ɓawon har ya huda shi. Kogo ba ya cikewa da kansa. Zurfinsa ne ke nuna irin gyaran da ya dace, shi ya sa likita kan ɗauki hoton haƙorin tukuna.

Ciko

In kogon bai kai jijiya ba, ciko ya wadatar. Za a yi allurar kashe zafi a dasashi, a kankare ruɓaɓɓen wurin da ɗan inji, a wanke, a busar, sannan a cike.

Akwai cikon ƙarfe, wanda likitoci ke kira amalgam. Kusan rabinsa zaiba ce, sauran kuwa azurfa da kuza da jan ƙarfe. Yana jure tauna a turame, wato manyan haƙoran ciki, yakan kai shekara 10 zuwa 15. Sai ya yi awa 24 kafin ya gama ƙarfi, don haka kada a tauna abu mai tauri a gefen ranar farko. Saboda zaibar, ƙasashe suna rage amfani da shi tun bayan yarjejeniyar Minamata ta 2013, wadda ƙasashen duniya suka ƙulla don rage illar zaiba ga mutane da muhalli.

Farin ciko launin haƙori gare shi. Kaɗan-kaɗan ake zuba shi, kaurin milimita 2, a haska masa shuɗiyar fitila kamar daƙiƙa 20 ya daskare, sannan a ƙara wani. Babban maƙiyinsa yawu ne. Ya taɓa wurin ana cikin aiki, cikon ba zai kama da kyau ba. Dalilin cusa auduga a baki ke nan, sai a daure.

Bayan ciko, a dakata da cin abinci har allura ta saki, kada a ciji leɓe ba a sani ba. In an haɗe baki aka ji wannan haƙorin yana riga sauran taɓawa, cikon ya yi tudu. A koma a goge shi, aikin 'yan mintoci ne. In an bari, tauna za ta riƙa zafi.

In ya kai jijiya

Alamarsa zogi mai hana barci. Wani lokaci zogin ya ɗauke, mutum ya ɗauka ya warke, alhali jijiyar ce ta mutu, mugunya na taruwa a gindin saiwa. Likita zai cire jijiyar, ya wanke ramin saiwa, ya toshe. Irin wannan haƙori yana saurin tsagewa, musamman turmi, don haka akan fere shi a sa masa hula ta tangaran ko ta ƙarfe.

In ba ya gyaruwa

Sai cirewa. Barin giɓi ba dabara ba ce, domin haƙoran gefe sukan karkato cikinsa. Ana iya sa haƙorin roba na cirewa, ko gada da ake ɗorawa kan haƙoran gefe biyu, ko dashe. A dashe, ana kafa ƙusar wani ƙarfe da ake kira titaniyam a ƙashin muƙamuƙi, a jira wata 3 zuwa 6 ta kama, sannan a ɗora hula. Shan taba da ciwon sukarin da ba a kula da shi suna iya hana ƙusar kamawa.