Yadda Ake Zaɓar Kayan Netwok Gwargwadon Girman Wurin Aiki

Kafin ka sayi ko da rauta guda (na'urar da ke haɗa netwok ɗinka da intanet), fara ƙirga na'urori, domin yawan ma'aikata ba ya nuna nauyin da netwok zai ɗauka. Ofis mai mutum 20 yana iya tara na'ura 60: kwamfutar kowa da wayarsa, firinta, kyamarorin tsaro, da na'urar dangwala yatsa a bakin ƙofa. Daga nan ka ƙirga gine-gine da benaye, sannan ka tambayi mai wurin asarar da zai yi idan netwok ya ɗauke na awa ɗaya. Amsar wannan tambaya ta ƙarshe ita ke yanke yawan kuɗin da ya kamata a kashe.

Ƙaramin ofis: gini ɗaya, na'urori ƙasa da 30

Nan rauta ɗaya mai wayfay da suwic (akwatin da ake jona kebul ɗin na'urori a jikinsa don su haɗu) mai baki 8 ko 16, irin wanda ba ya buƙatar saiti, sun wadatar. Suwic ɗin ya zama na gigabit, wato mai saurin megabit 1,000 a daƙiƙa. Rauta ce ke raba adireshin IP (lambar da ake gane kowace na'ura da ita a netwok) ta hanyar DHCP, tsarin da ke raba su da kansa, kuma rukunin adireshi mai alamar /24 yana ɗaukar na'ura 254. Firinta da na'urar adana hotunan kyamara a ba su adireshin dindindin, don kada su ɓace wa kwamfutoci duk lokacin da wuta ta ɗauke ta dawo.

Inda aka fi yin kuskure shi ne kebul. Sayi kebul nau'in Cat6 na jan ƙarfe zalla, kada tsawon layi ɗaya ya wuce mita 100, kuma a jera wayoyin kai biyun bisa tsarin launi ɗaya, galibi wanda ake kira T568B. Kasuwa cike take da kebul mai alamar CCA, wato alminiyom da aka yi wa rufin jan ƙarfe. Yana da araha, amma yana karyewa a wurin matsi, yana kuma yin zafi idan aka bi da wuta ta cikinsa. Ka kankare waya ɗaya da wuƙa: in ka ga fari a ciki, mayar musu da shi.

Kuskure na biyu shi ne ƙara wata rauta don wayfay ya kai ɗakin baya ba tare da an kashe DHCP ɗinta ba. Sai na'urori biyu su riƙa raba adireshi, wasu kwamfutoci su samu intanet, wasu su rasa. A kuma ɗora rauta da suwic a kan UPS ko inbata.

Matsakaicin wuri: makaranta, otal, asibiti

Da na'urori sun kai 50 zuwa 300, tsarin farko ya daina aiki, kuma a wannan mataki ne aka fi samun ɓarna. Yawanci wurin a hankali ya girma, ana ta jona ƙaramin suwic a bayan wani har su kai biyar ko shida a jere. Na farko ya mutu, duk na bayansa sun tafi. Mafi muni, wani ya soka kai biyun kebul guda a suwic ɗaya, saƙonni su yi ta zagaye suna ninkuwa har komai ya tsaya cik.

Maganin shi ne hawa biyu. A tsakiya a sa babban suwic mai saiti tare da katangar tsaro, na'urar da ke tace abin da ke shiga da fita daga netwok. Kowane bene ko sashe ya samu nasa suwic ɗin, mai layin kansa kai tsaye zuwa tsakiya. A kunna tsarin RSTP a kan dukkansu, shi ke toshe zagayen da aka ambata. Sai a raba netwok da VLAN, wato a kasa shi kashi-kashi ta saitin suwic: ma'aikata daban, baƙi daban, kyamarori daban, sashen kuɗi daban. Baƙon da aka ba wayfay ba shi da dalilin ganin kwamfutar akanta.

Kyamarori da na'urorin watsa wayfay suna shan wuta daga suwic ta PoE, wato ta cikin kebul ɗin netwok, kuma wannan yana son lissafi. Ma'aunin PoE na 802.3af yana ba da wat 15.4 a kowane baki, 802.3at yana ba da 30. Amma suwic yana da jimillar da ba ya wucewa. A ce jimillarsa wat 190 ce, ka jona kyamara 12 masu cin wat 12 da na'urar wayfay 4 masu cin wat 20: ya zama 224. Da rana ba za ka ga matsala ba. Da dare, idan fitilun ganin duhu na kyamarori suka kunnu, sai wasu su fara mutuwa suna dawowa. Bar rarar kashi 20 cikin ɗari aƙalla.

Tsakanin gini da gini faiba ake ja, ko da tazarar mita 40 ce. Kebul ɗin jan ƙarfe yana kwaso ƙarfin tsawa da damina ya ƙone suwic a ɓangarorin biyu, faiba kuwa gilashi ce, ba ta ɗaukar wuta. Faiba nau'in OM3 tana kai gigabit 10 har mita 300, nau'in OS2 kuma yana kai kilomita 10 da kan SFP+ (ɗan kan da ke jona faiba da suwic) mai alamar LR.

Bangon bulo da siminti yana cinye wayfay, don haka na'urori da yawa masu matsakaicin ƙarfi sun fi guda ɗaya mai ƙarfi. A zangon wayfay na 2.4 GHz yi amfani da tasha 1, 6 da 11 kawai. Kayan tsakiya su zauna a akwatin ƙarfe mai kulle, a ɗaki mai sanyi, kowane kebul da lambarsa. Ƙurar hunturu tana toshe fankokin suwic, sai a riƙa hure su. Layin intanet ya zama biyu daga kamfanoni daban, misali faiba da 4G ko Starlink.

Babban wuri: jami'a, banki, kamfani mai rassa

Nan hawa uku ne: suwic na masu amfani, na tattarawa a kowane gini, da cibiya. Ana yin haka ne don matsalar gini ɗaya ta tsaya a ginin. Komai bibbiyu ne: cibiya biyu, kowane suwic na tattarawa yana da layi zuwa kowacce. Tsare-tsare uku ke kula da wannan: OSPF ke sauya hanya idan layi ya yanke, VRRP ke sa rauta ta biyu ta karɓi aikin ta farko, LACP ke haɗa layuka su yi aiki tare. Wanda ke son riƙe adireshinsa a kan kamfanonin intanet biyu sai ya nemi lambar AS (lambar shaidar netwok a intanet) daga AFRINIC, hukumar da ke raba adireshin intanet a Afirka, ya yi amfani da BGP, tsarin musayar hanyoyi tsakanin netwok da netwok. Rassa kuma ana haɗa su da MPLS ko SD-WAN, hanyoyin haɗa netwok ɗin wurare masu nisa da juna.

Sai dai ninka kaya ba ya amfani idan hanyarsu ɗaya ce. Faiba biyu a rami ɗaya, motar haƙa ɗaya ce za ta tsinka su tare. Suwic mai kan wuta biyu da aka jona a UPS ɗaya ma haka. A bi da layukan ta ɓangarori daban na gini, a raba musu wuta, sannan a sa ranar gwaji bayan an tashi aiki: a zare layin cibiya ta farko da gangan, a duba daƙiƙa nawa ta biyu ta ɗauka kafin ta karɓa, a rubuta sakamakon a ajiye tare da taswirar netwok.