Yadda Ake Zaɓen Ingantaccen Littafin Tarihin Tazio Nuvolari

Duk wanda ya ƙuduri aniyar karanta tarihin Tazio Nuvolari, direban tseren motoci ɗan ƙasar Italiya da aka haifa a Castel d'Ario kusa da birnin Mantuwa a 1892 ya kuma rasu a 1953, zai tarar cewa an yi rubutu mai yawa a kansa, sai dai labarin gaskiya da na ƙanzon kurege sun cakuɗe har a littattafan da ake ganin girmansu. Saboda haka aikin mai nema shi ne tantancewa.

Hanya mafi sauri ita ce a buɗe littafin a wurin da ya kawo tseren Mille Miglia na 1930, wato tseren motoci mai nisan zango a kan titunan Italiya. Labarin da ya yaɗu shi ne cewa Nuvolari, cikin motarsa ƙirar Alfa Romeo, ya kashe fitilun gaba da dare ya bi abokin hamayyarsa Achille Varzi a ɓoye, har ya wuce shi ba zato ba tsammani. Marubucin da ya san aikinsa zai bayyana cewa a wannan tsere ana sakin motoci ɗaya bayan ɗaya ne, kuma lokaci ake ƙirgawa, Nuvolari kuwa ya tashi ne bayan Varzi, don haka da zarar ya cim masa ya riga ya sha gabansa a lissafin agogo. Idan littafi ya kawo labarin fitilun tamkar abin da ba ya buƙatar bincike, to a sa ran sauran babukansa ma haka suke. A ganina wannan gwaji ɗaya ya fi karanta yabon da ke bayan bango amfani.

Bayan haka a duba yadda littafin ya ɗauki shekarunsa na tseren babur, wanda ya fara a 1920. Marubuta da yawa suna tsallake wannan zango cikin shafi biyu ko uku domin su garzaya zuwa gasar tseren motoci ta Jamus ta 1935 a filin tsere na Nürburgring, inda ya doke motocin Mercedes-Benz da Auto Union da tsohuwar Alfa Romeo wadda ƙarfinta bai kai nasu ba. Wannan nasara ta cancanci duk shafukan da aka ba ta, amma wanda bai san yadda ya yi suna a kan babur ƙirar Bianchi ba, ba zai gane inda salon tuƙinsa ya samo asali ba.

Yana da kyau a haɗa littafi biyu masu mabambancin asali. Giovanni Lurani, wanda shi ma direban tsere ne da ya yi zamani da Nuvolari, ya rubuta tarihinsa, aka kuma fassara shi zuwa Turanci. Ƙarfin irin wannan littafi shi ne shaidar ido, rauninsa kuwa shi ne ƙaunar da marubucin yake yi wa gwarzonsa. Sai a haɗa shi da wani na baya-bayan nan wanda ke ɗauke da jadawalin tsere-tsere, kowanne da kwanan wata da mota da matsayin da ya ƙare, kamar nasararsa a tseren Le Mans na ƙasar Faransa a 1933 tare da Raymond Sommer, da komawarsa Auto Union a 1938.

Mafi yawan rubuce-rubuce masu zurfi da harshen Italiyanci suke, don haka a yi bincike da sunansa a rumbun WorldCat, wato kundin intanet na littattafan da ke ɗakunan karatu na duniya, ba tare da taƙaita harshe ba, a kuma duba shafukan masu sayar da tsofaffin littattafai, tun da an daina buga da yawa daga cikinsu. Idan wani kwanan wata ko sakamako ya kawo shakku, a gwada shi da rahotannin lokacin: mujallar Motor Sport ta Ingila, wadda ta fara fita a 1924, ta sa tsofaffin fitowarta a intanet, gidan tarihin Nuvolari da ke Mantuwa kuma yana adana kofunansa da hotunansa da takardunsa.