Kafin ka kai raket a sake masa zare, duba tsagar nan

'Yan uwa masu buga tanis a nan Katsina, in ka ga tsaga a jikin raket, kada ka yi saurin biyan kuɗin sabon zare. Don ka gane ko fenti ne kawai ya tsage, ɗauki alƙalamin maka ka ɗiga a bakin tsagar ta kowane gefe. Ka buga wasa sau ɗaya ko biyu, ka sake dubawa. In ta wuce ɗigon, ba fenti ba ne, jikin ne ya tsage.

Wani gwajin: ƙwanƙwasa wurin da kwabo. Lafiyayyen raket ƙararsa tas take, mai tsaga kuwa sai ka ji ta dushe.

Dalili shi ne zaren raket yana ɗaure da nauyin kilo 22 zuwa 27, kullum yana jan firam ɗin, wato zoben da zaren ke ciki, zuwa ciki. Injin saka zare ma kan ƙarasa raket mai tsaga, ka yi asarar kuɗin zare da na aiki. In ka tabbatar tsaga ce, yanke zaren tun daga tsakiya ka yi waje.

Ƙaramar tsaga a saman kan raket, a goge da sanfefa a cika da gam ɗin Araldite, a bar shi ya kwana. Zai yi wa yara koyo. Sufa gulu kam ɓata kuɗi ne.

Amma in a wuyan raket ne, ko ta zagaye firam, haƙura kawai. Girgizarsa gwiwar hannunka za ta ci.

Kuma don Allah a daina barin raket a but ɗin mota da zafin Afrilu.