Yadda zaka sa malamai cikin tantance matsalolin makaranta da zaɓen abin da za a fara gyarawa

Duk makarantar da kaga ana ta kashe kuɗi amma karatun yara yaƙi motsawa, in ka bincika sau da yawa zaka tarar a ofis aka zauna aka yanke abin da za a saya da abin da za a gyara, malaman da suke tsaye gaban allo kullum ba wanda ya ce musu kanzil. A yi sabon fenti, a sayo kwamfutoci a kulle a ɗaki, alhali rabin 'yan aji huɗu basa iya haɗa baƙi su karanta layi ɗaya. Mai ɗaki ai shi ya san inda yake yoyo. Kuma maganar nan ba sabuwa bace, tun ranar 5 ga Oktoba 1966 UNESCO, hukumar ilimi ta Majalisar Ɗinkin Duniya, da Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya suka fitar da shawarwari kan matsayin malamai a taron da aka yi a Paris, a ciki an ce malami ne ya kamata ya riƙe babban matsayi wajen zaɓen kayan koyarwa da littattafai da hanyar koyarwa. Ranar ce ma aka mayar Ranar Malamai ta Duniya daga 1994. Toh amma rubutawa daban, aikatawa daban, shi yasa nake son mu bi abin daki-daki, musamman kai da kake hedimasta ko firinsifal ko mai makaranta.

Kafin ka kira kowane mitin, ka zauna kai kaɗai ka raba abubuwa gida biyu, wanda makaranta take da ikon canzawa da wanda ba a hannunta yake ba. Albashi, ƙarin girma, manhajar da ma'aikata ta turo, sau da yawa waɗannan sun fi ƙarfinka. Jadawalin darussa, yadda ake raba littattafai, wa zai riƙe wane aji, me za a yi da ɗan kuɗin gyaran da ya rage, waɗannan naku ne. Ka faɗa wa malamai wannan ƙarara tun ranar farko, har da adadin kuɗin da ke hannu in akwai, in babu ka ce babu. In baka yi haka ba wallahi awa biyu za a yi ana maganar albashi, kowa ya tashi ransa a ɓace ba a tsinana komai ba. Kuma kada ka danne koken albashin, a rubuta shi a takarda daban a tura sama da sunan makaranta, su ga an tura.

Sai tattara ra'ayi. Anan ne yawancin shugabanni suke tafka kuskure, su tara kowa a ɗakin malamai su ce "wa yake da magana?" Mutum uku ne zasu yi magana, manyan da suka daɗe, sabon malami da ya zo bara ba zai buɗe baki gaban wanda ya koyar da shi ba, malamar da take riƙe aji ɗaya kuma ta san dalilin da yasa yara suke isa aji uku babu karatu amma zata yi shiru don kar ace tana zargin wani. Don haka a fara da rubutu, ba suna. Ka raba ƙaramar takarda da tambayoyi uku kacal: me ya fi hana yaranka koyo a wannan zangon, me kake ɓata lokaci a kai wanda baya ƙara wa yara komai, sannan wane abu ɗaya ne yake tafiya daidai da baka so a taɓa. Tambaya ta ukun nan kada ka raina ta, sau nawa sabon shugaba yake zuwa ya rushe abu mai kyau don bai san akwai shi ba. A jefa takardun a kwali, kuma malamai biyu da su kansu suka zaɓa ne zasu buɗe su haɗa, ba kai ba, don ka san rubutun hannun kowa kuma suma sun san ka sani.

Abin da zai fito daga kwalin nan zai zama gauraye, koke da buƙata da kuma magani duk a haɗe, aikin da ya fi ɗaukar lokaci kenan a rarrabe su. Malami ya rubuta "muna buƙatar furojekta", wato na'urar haska hoto a bango. Wannan magani ne ya kawo, ba a ji ciwon ba tukuna. Sai a tambaya, don me? Sai ya ce yara basa gane darasin kimiyya. Me yasa basa ganewa? Littafi ɗaya ne tsakanin yara biyar. Toh in sun samu littafin suna iya karantawa? Sai ayi shiru, daga nan wani ya ce gaskiya da yawansu basa iyawa. Kaga inda aka iso yanzu, furojekta ba zata taɓa wannan ba ko guda nawa aka saya. Haka za a bi kowace magana a dinga tambayar dalili har a kai ga abin da ya shafi yaro kai tsaye. "Yara basa zuwa da wuri" shima haka, wane aji, wace rana, maza ne ko mata, na nesa ne ko na kusa, rajista tana nan a buɗe ta a duba kawai.

Ina ƙara jaddada maganar hujja saboda ba tare da ita ba, wanda ya fi iya magana shi zai ci mitin. Kuma hujjar ba sai an ɗauko ƙwararre daga waje ba. Ƙungiyar Pratham a Indiya tun 2005 take amfani da wani gwajin karatu mai sauƙi a binciken ta kan karatun yara mai suna ASER, takarda ɗaya ce, akwai haruffa, akwai kalmomi, akwai gajeren sakin layi, sai ɗan labari, ana zama da yaro shi kaɗai na 'yan mintoci a ga matakin da ya tsaya. Malamanku zasu iya haɗa irinta da harshen da kuke koyarwa, su yi ta lissafi ma, gane lambobi, ɗebewa, rabawa. Shawarata a yi musanya, malamin aji uku ya gwada 'yan aji huɗu, na huɗu ya gwada na biyar, kuma ka yi alƙawari a gaban kowa cewa ba za a yi amfani da sakamakon a hukunta wani malami ba. Ka cika alƙawarin nan. Ranar da ka kira malami ɗaya ofis kan sakamakon, daga ranar duk lambar da za a kawo maka gyararriya ce. Kada kuma abin da kuka gani ya firgita ku, a 2022 Bankin Duniya da abokan aikinsa sun ƙiyasta kusan kashi 70 cikin 100 na yara 'yan shekara 10 a ƙasashe masu ƙarami da matsakaicin tattalin arziki basa iya karanta gajeren rubutu su fahimta. Ba ku kaɗai bane, amma ku ne kuka san sunayen yaranku ɗaya bayan ɗaya.

Yanzu mitin ɗin zaɓe. Akwai hanyar da wasu masana biyu a Amurka, Delbecq da Van de Ven, suka tsara tun wajen 1971, kuma tana aiki ko da allo da alli kawai kuke da su. A rubuta duk buƙatun da aka tace a allo da lamba, a zagaya kowa ya faɗi kalma kan wadda bai gane ba, ba gardama, tambaya kawai. Daga nan kowa ya ɗauki takarda a ɓoye ya zaɓi biyar, wadda ta fi muhimmanci a wajensa ya bata maki 5, mai bi mata 4, har zuwa 1, a tattara a lissafa a gaban kowa. Kafin a jefa ka tuna musu su auna abu uku a zuciya, yara nawa abin ya shafa, yaya girman illarsa ga koyo, sannan zamu iya taɓa shi da abin da muke da shi yanzu? Kai shugaba ka yi magana a ƙarshe, in so samu ne ma wani malami ya jagoranci zaman, don da zarar ka nuna inda ka karkata shikenan kowa zai bi ka.

Abubuwan da suka shafi lafiya da rayuwar yara basa shiga ƙuri'a. Rufin da yake shirin faɗowa, wayar wuta a buɗe, babu ruwan sha, bayin 'yan mata babu ƙofa, waɗannan a fitar dasu gefe a fara dasu ko ba wanda ya zaɓa.

Cikin buƙatun da suka fi samun maki a ɗauki biyu, in an matsa uku. Na san da wuya, allo cike da matsaloli goma sha kuma duk na gaske ne, amma makarantar da ta ce zata gyara goma a zango ɗaya ba ta gyara ko ɗaya, sai dai gajiya da takardu. Sauran a ajiye su a rubuce, zango na gaba a dawo kansu. Kowacce da aka ɗauka a rubuta mata suna na mutum ɗaya da zai riƙe ta, ranar da za a fara, da abin da za a duba a gane ko an samu ci gaba. Kwamiti zai iya taimakawa amma suna ɗaya ne a gaba. Kuma don Allah a ba su lokaci a cikin jadawali, kada ace malamin da yake da darussa daga farko har tashi shi zai tsaya bayan an tashi yayi aikin kyauta, wannan ba shigar da malamai bane, ƙara musu kaya ne kawai. A Japan malamai sun fi shekara ɗari suna da al'adar tsara darasi tare, ɗaya ya koyar sauran su zauna su kalli yadda yara suke ɗauka sannan su tattauna, kuma abin ya ɗore ne saboda ana ɗaukarsa cikin aikin makaranta. Ko minti arba'in a sati aka ware ya isa a fara, a rage wani cike-ciken fom da malamai suka ce yana ci musu lokaci a tambaya ta biyu, kaga an samu gurbin.

Bayan sati shida zuwa takwas a sake gwajin nan da aka yi da farko, irinsa sak, a kwatanta. In yaran da suke matakin haruffa sun ragu a ci gaba, in ba a motsa ba a zauna a canza dabara ba tare da neman mai laifi ba. A manna sakamakon a ɗakin malamai tare da jerin abin da suka nema, wanda aka yi, wanda ake kai, da wanda aka ƙi da dalilin ƙin. Na ƙarshen nan shi ake yawan tsallakewa kuma shi yake kashe abin, malami zai iya haƙura da "ba zai yiwu bana ba saboda kaza", amma ya cika takarda yaji shiru, zango na gaba farar takarda zai jefa maka a kwali.

Zai iya faruwa ƙuri'a ta faɗa kan abin da kai baka so, kana son ɗakin kwamfuta su kuma sun zaɓi awa ɗaya ta karatu kullum ga ƙananan azuzuwa. In babu dokar da ta hana kuma kuɗi sun isa, ka bi nasu a wannan zangon, ka saka naka cikin jerin na gaba ya yi takara kamar sauran. Sannan duk abin da aka yanke a saka a fayil guda da mataimaki da wakilin malamai suke da kwafi, saboda ana canza shugabanni, wanda zai zo bayanka ya tarar da lambobin gwajin farko da na biyu da sunan wanda yake riƙe da kowane aiki.