Yadda Za Ka Soma Binciken Al'adu a Cikin Al'umma

Idan kana karanta nazarin ɗan'adam da al'adunsa a jami'a, wata rana za a tura ka ka zauna cikin wata al'umma. Takardar sashenku ba ta isa ba, nemi izinin mutanen da kansu. Sanarwar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 2007 kan haƙƙin 'yan asalin ƙasa ta jaddada a sanar da su tun da wuri, su amince ba tilas.

Makon farko, bar rikoda a jaka. Ni ranar da na sauka na dangwara ta gaban wani dattijo, ya bi ta da kallo, ya ce "to", daga nan ya ja bakinsa ya yi gum. Sai da na kwana goma ina taya shi gyaran shinge, sannan da kansa ya soma jero mini kakanninsa.

Malinowski, wani masanin al'adun ɗan'adam, ya yi suna da irin wannan zaman a tsibiran Trobriand da ke kusa da New Guinea tsakanin 1915 da 1918, har harshensu ya koya.

Raba kowane shafin littafinka gida biyu: dama abin da ka gani ka ji, hagu abin da kake zato. Ka rubuta kafin ka kwanta, don gari na wayewa ƙwaƙwalwa ta yi ƙari da ragi. Kalmomin dangantaka kuwa, bar su da harshensu. Wadda ka fassara da "uba" tana iya haɗawa da 'yan'uwan uban maza duka. Ka sauya sunayen waɗanda suka yi maka bayani, in ka kammala kuma ka kai musu kwafi.